Injin Malam Haladu da Ƙafar Inna Kulu

Ku gyara zama, masu shigowa ku samu gefen tabarma. Wannan labarin ba ni zan yanke muku hukuncinsa ba. Idan na kai ƙarshe ku za ku yi ta fama da shi, ni in huta.

A Gusau, can bayan tashar jirgin ƙasa, akwai wani dattijo da ake kira Malam Haladu. Aikin gidan waya ya yi har ya yi ritaya, amma abin da ransa ya fi so shi ne ƙarfe. Lokacin da wata masaƙa ta rufe ana gwanjon kayanta, ya sayi ɗan ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe, irin wanda ake ɗaura guntun ƙarfe a bakinsa yana juyawa, mutum yana murɗa hannu yana matso da wuƙa, tana feƙe shi a hankali har ya kai kaurin da ake so. Ya kafa shi a ɗakin da ke jikin zaure. Bai taɓa mayar da shi sana'a ba. Yakan yi wa matarsa tandun kwalli na tagulla, ya yi wa maƙwabta ɗan abin da ya cinye a injin niƙa ko keken ɗinki, in an kawo goro ya karɓa, in ba a kawo ba ya yi murmushi.

Matar tasa, Kuluwa, wadda duk unguwa ke kira Inna Kulu, ciwon suga ya ci mata ƙafar hagu har aka yanke ta sama da gwiwa. Wasu masu aikin agaji da suka zo gari suka yi mata ƙafar roba mai gwiwar ƙarfe, ta koyi tafiya da ita, tana zuwa barka da gaisuwar mutuwa kamar kowa. Shekaru suka ja, masu agajin suka tattara suka tafi, ƙusar da gwiwar ke juyawa a kanta ta cinye. Ƙafar ta fara rawa, rannan ta zubar da ita a bakin murhu. Malam Haladu ya kai ƙusar wajen masu sassaƙa na cikin gari. Su hannunsu ya saba da kayan manyan motoci, suka yi masa wadda take da ɗan sako-sako. Ta sake faɗuwa, wannan karon a makewayi. Daga ranar ta sa aka jingine ƙafar a bayan ƙofa, ta kwanta.

Kwanciya kuwa ba ta yi wa mai ciwon suga daɗi. Gyambo ya fara buɗe mata a baya da kan dungulmin ƙafar. Likita ya gaya wa Malam Haladu a fili cewa sabuwar ƙafa sai an jira, jiran da shi kansa bai san ƙarshensa ba, kuma in ba ta tashi ta riƙa motsawa ba, kwanciyar ce za ta tafi da ita.

Abin da ya fi cin ran tsohon shi ne aikin bai fi ƙarfinsa ba. Ƙusa ce da ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, sai dai dole ta shiga raminta daidai, ba matsi ba rawa. Da a shekarun baya ne, tsakanin azahar da la'asar ya gama ta. Amma a jikin hannun da ake murɗawa akwai da'ira mai zane-zane sirara, su ne ke gaya wa mutum iyakar inda wuƙa ta shiga, kuma yanar ido ta riga ta haɗe masa su wuri ɗaya. Ya canza tabarau. Ya goga alli a cikin zanen. Ya riƙe gilashin ƙara girma da hannu ɗaya yana murɗawa da ɗayan. Duk ƙarfen da ya ɗaura sai ya ɓata shi. Daga baya ya daina kunna injin. Yakan shiga ɗakin ya zauna a kan benci, hannuwa a kan gwiwa, yana jin nishin matarsa daga cikin gida in za ta juya. Ya gaji da gwaji, ya gaji da masu zuwa dubiya suna ba shi shawara, ya gaji har da amsa gaisuwa.

Allah ya ba su 'ya'ya uku da suka rayu: Lawandi, Rilwanu, sai autarsu Tasalla.

Lawandi, babban, direban tirela ne. A lokacin yana Ikko, a layin ɗaukar kaya na tashar jiragen ruwa, layin da mutum kan kwashe makonni yana kwana a ƙarƙashin mota kafin ya zo kansa. Wani abu ya lalace a motar ya kai wajen masu sassaƙa, a can ya ga injinsu da wata siririyar sanda kamar rula a jikinsa, da ɗan akwati mai gilashi yana nuna lambobi manya-manya. Duk motsin da wuƙa ta yi, lambar sai ta canza. Ya tsaya yana kallo har mai aikin ya tambaye shi ko lafiya. Aka gaya masa akwai masu tsada na manyan masana'antu, akwai kuma masu araha da mai ƙaramin inji zai iya liƙa wa nasa. Ya shiga kasuwanni da ƙafa, ba ya jin yaren mutanen sosai, ba shi da sunan abin, sai kwatance da hannu. Aka yi ta nuna masa abin da ba shi ba. Da ya dace da shagon, aka tambaye shi tsawon injin, ba shi da awo a rubuce. Ya tuna yana yaro yakan kwantar da hannunsa a kan gadon injin in yana share shi, ya auna daga gwiwar hannu zuwa yatsa, ya rage kaɗan saboda girman da ya yi, ya zaɓi sanda biyu, doguwa da gajera. Ya haɗa da ma'aunin hannu mai nuna lamba, da guntun ƙarfe mara tsatsa wanda zai isa ƙusa biyu. A ranar ne layi ya kusa zuwa kansa. Ya duba abin da ke gabansa: in ya tsaya ya yi lodi, Maiduguri za a tura shi, ba zai ga gida ba sai bayan wata. In ya aika da kayan, bai yarda su isa lafiya ba. Ya bar mabuɗin a hannun wani direba, ya rungumi kwalin ya hau motar haya. Kafin ya sauka a Gusau mai tirelar ya bugo masa waya ya ce kada ya dawo.

Malam Haladu ya juya sandunan a hannunsa, ya shafa su, ya mayar cikin kwali. Babu rami ko ɗaya a jikin injinsa da aka yi domin su, kuma bai san komai game da abin da ke aiki da batir ba. Kwalin ya zauna a kan benci kusa da shi.

Rilwanu, na biyun, mai gyaran wayar hannu ne a kasuwa. Tsakaninsa da mahaifinsa sai gaisuwa, tun ranar da tsohon ya ce masa a gaban mutane aikinsa taɓe-taɓe ne ba sana'a ba. Ya daɗe bai taka ɗakin injin ba. Da ya zo duba mahaifiyarsa ya ga kwalin, ya tsaya a bakin ƙofa jim kaɗan, sannan ya cire takalmi ya shiga.

"Baba, in ka yarda in gwada."

"Sai an huda jikin injin," in ji tsohon, bai ɗago kai ba. "Ban taɓa huda shi ba."

"Sai an huda."

Rilwanu ya zaci an ƙi. Can sai Malam Haladu ya miƙa masa mabuɗin akwatin kayan aiki.

Rilwanu ya rufe rumfarsa. Ya yanka farin ƙarfen gorar ruwa ya lanƙwasa mariƙai, ya huda jikin injin, ya karya abin hudawa ya sake sayowa. Sandar dole ta kwanta daidai da hanyar da wuƙa ke bi, in ta karkace ko kaɗan sai ta cije, ya kwance ya ɗaure har ya daina lissafi. Da ta zauna, aka kunna injin, sai lambobin suka kama rawa su kaɗai ba wanda ya taɓa komai. Tsohon ya ce dama abu mai araha haka yake, ya koma bencinsa. Rilwanu ya sake durƙusawa gaban injin. Ya bi abin kwana da kwanaki har ya gano wutar injin ce ke shiga wa ma'aunin. Ya fere wayar eriyar talabijin ya zare ragar da ke cikinta ya suturta igiyoyin da ita, ya kafa ƙarfe a ƙasa ya ɗaura wa injin waya, lambobin suka tsaya cak. Batir yana ƙarewa da wuri, ya liƙa masa cajar waya da dalma. Ɓurɓushin ƙarfe da mai suna shiga sandar, ya yanka robar cikin tayar babur ya yi mata rufi. Ya ɗaga akwatin lambobin daidai idon mahaifinsa, ya sa masa 'yar fitila a sama. Yana gyara rufin nan ne, injin yana juyi, bakin injin ya fizgi hannun rigarsa ya haɗa da babban yatsansa na dama. An ɗinke yatsan a asibiti, amma har yau ba ya lanƙwashewa, kuma mai gyaran waya da yatsansa yake ci. Da ya koma kasuwa ya tarar an ba wani rumfar.

Ranar da Malam Haladu ya tsaya gaban injin ya murɗa hannu ya ga lamba ta motsa, baƙa a kan fari, girmanta ya kai ƙwayar gyaɗa, sai ya ƙara matso da fuskarsa kusa da gilashin. Ya murɗa gaba, ya murɗa baya. Ya auna ramin gwiwar da ma'aunin hannu, ya ɗaura ƙarfen da Lawandi ya kawo, ya feƙe shi har ya kusa. Ya auna ya ga abin da ya rage, ya matso da wuƙa daidai wannan lambar, ya yanka. Da ya gwada ƙusar sai ta faɗa ramin tana rawa, ta fi ta masu sassaƙar cikin gari sako-sako. Rilwanu ya sake bin ma'aunin da hannunsa mai bandeji, bai sami laifi ba. Lawandi ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon rabin ƙarfen da ya rage. Tsohon ya kashe injin ya ce su bar shi haka, ya yi iya yinsa.

Tasalla, autar, maɗinkiya ce a gidan mijinta a Tudun Wada. Tun da gyambon ya buɗe ta roƙi mijin ya bar ta ta dawo gida, ya bar ta ba da son ransa ba. Lokacin ɗinkin salla ne, masu kaya suka yi ta zuwa suna karɓe yadinsu suna kai wa wasu, wasu ba su sake dawowa ba. Ita ce ke juya uwar, ita ke wanke gyambon safe da yamma yadda aka nuna mata a asibiti, ita ke hana ta abin da likita ya hana ko da za a yi fushi da ita. Dungulmin da ya kumbura ya ɗuri ruwa, a hannunta ya saɓe ya bushe har ya isa a sa masa ƙafa. Duk abin da ake yi a ɗakin injin labarinsa kawai take ji. Rannan ta kai wa mahaifinta kunu ta tarar da shi zaune, ƙusar da ta lalace a tafin hannunsa. Ta durƙusa ta tambaye shi yadda aka yi. Don dai ya sallame ta, ya nuna mata: ga abin da ya rage, ga abin da ya matsar da wuƙa, lamba ɗaya ce, amma abin da ya fita ya wuce. Ta ɗauki ƙusar tana juya ta tsakanin yatsunta.

"Baba, wuƙar gefe ɗaya take tsaye, amma ƙarfen juyawa yake yi, ko?"

"Haka ne."

"To ai kamar yadi ne in an ninka shi biyu. In ina so in rage wa riga inci biyu, inci ɗaya nake yankewa, don almakashi yana cin gaba da baya lokaci guda."

Malam Haladu ya daɗe yana kallon ta. Abu ne da ya sani tun yana koyo, amma waɗanda suka ƙera tsohuwar da'irar sun riga sun yi wa mai aiki wannan rabon a cikin zanenta, shekara da shekaru bai buƙaci ya tuna ba. Sabon ma'aunin kuwa tafiyar wuƙa kawai yake faɗa, ba ruwansa da ninki. Da ya ɗaura ƙarfen ƙarshe a kan wannan kuskuren, da shi ma ya tafi.

Washegari ya ɗaura shi. Ya raba lambar biyu, ya yanka, ya auna, ya sake rabawa. Bayansa yana ciwo, yana tsayawa ya dafa injin ya huta. Da ya gama ya tura ƙusar cikin gwiwar da yatsa, ta shiga da ɗan nauyi ta zauna. Ya lanƙwasa gwiwar, ya miƙe ta, ba ƙara ba rawa.

Sai dai Inna Kulu ta ce ba za ta sa ba. Ta ce sau biyu ƙafar nan tana zubar da ita, ta haƙura, a bar ta ta jira lokacinta a kwance. Malam Haladu ya yi magana, 'ya'yan maza suka yi, ta juya fuska bango. Tasalla ta sa duk suka fita. Ba wanda ya san abin da ta gaya mata, an dai ji muryarta ƙasa-ƙasa na tsawon lokaci, an ji kukan tsohuwar. Da labule ya ɗaga sai ga Inna Kulu a tsaye, hannunta a wuyan 'yarta. Ranar ta kai bakin ƙofa. Bayan kwanaki ta kai rijiya. Kafin damina ta sauka ta je gaisuwar mutuwa a unguwar da ke gaba da tasu, da sanda amma da ƙafarta, gyambon bayan kuwa ya rufe.

Malam Haladu ya yi godiya ga Allah, amma ƙarfinsa bai dawo ba. Kullum lambobin nan ma ƙara dushewa suke yi masa, kuma in ya yi tsayuwar sa'a guda sai ya yi kwana biyu yana jin ta a ƙugu. Wata rana bayan la'asar ya tara 'ya'yansa a zaure, da ƙanensa a matsayin shaida.

"Na gama da injin nan," in ji shi. "Ƙusar innarku ita ce ta ƙarshe. In na bar shi ya shiga gado, sayar da shi za a yi a raba, ƙarshensa a hannun masu awon ƙarfe. Ina so in ba ɗayanku tun ina da rai. Ba ya rabuwa."

Ya yi zaton za su yi ta tura wa juna. Sai ya ga kowa ya sunkuyar da kai, ya gane dukansu suna so. Lawandi ya ce ya gaji da hanya, ba shi da mota yanzu, in aka ba shi zai zauna ya koya ya ci da iyalinsa a gida. Rilwanu ya ce yatsansa ba ya iya riƙe ƙananan kayan waya, amma yana iya murɗa hannun inji, kuma ba wanda ya san cikin ma'aunin nan kamarsa. Tasalla ta ce ta rasa masu kawo mata ɗinki, kuma unguwarsu cike take da kekunan ɗinki da injinan markaɗe na mata da ke ajiye saboda ɗan ƙaramin ƙarfe ya cinye, matan ba sa iya zuwa wajen maza a cikin gari, amma za su shigo wajenta. Su ukun suka yi alkawari a gaban baffansu cewa duk wanda aka zaɓa, sauran sun yafe.

Tsohon ya shiga ciki ya tambayi matarsa. Ta ce, "Malam, kada ka sa ni a ciki. Duk cikina ɗaya suka fito."

Ya dawo ɗakin injin ya zauna a kan bencinsa. In ya tuna Lawandi, sai ya ga da bai tsaya ya kalli abin da kowa ke wucewa ba, da bai bar aikinsa ya rungumo kwalin ba, da babu abin da za a liƙa, babu ƙarfen da za a feƙe. In ya tuna Rilwanu, sai ya ga da bai haɗiye maganar da aka gaya masa ya shigo ɗakin ba, da kwalin yana nan a kan benci har yau, kuma shi kaɗai ne ya bar wani abu na jikinsa a wurin. In ya tuna Tasalla, sai ya ga da ba ta yi tambayar nan ba da ƙarfen ƙarshe ya lalace, kuma ko an yi ƙusar, da babu dungulmin da za a sa wa ƙafa, babu mai zuciyar tashi. Duk wanda ya ɗaga sama, sai sauran biyun su tsaya masa a rai. Ya yi ta juya abin har aka kira magariba, ya tashi da kyar ya ja ƙofar, bai yanke komai ba.

To, ku da kuka saurara, ga shi na ajiye muku. Tsakanin wanda ya nemo ma'aunin, da wanda ya liƙa shi, da wadda ta gano yadda za a karanta shi ta kuma tayar da uwar, wa ya fi cancanta Malam Haladu ya miƙa wa mabuɗin ɗakin nan?